Shin Wahala Malama Ce Ga Yaro?

Wata ranar Asabar da la'asar ina zaune a inuwar darbejiya tare da yaran da ke koyon katikisma, sai ga wasu 'yan acaɓa biyar ko shida sun bi ta kan titi a jere, suna ta rugugi. Kafin ƙarar ta wuce, wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai ya riga ya shige ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwansa, jikinsa na ɓari. Da muka jawo shi, sai muka tarar ya jiƙe wandonsa. Sauran yara suka fashe da dariya. Iyayensa baƙi ne a cikinmu, sun baro ƙauyensu a yammacin jihar nan tun daren da 'yan bindiga suka shigo musu a kan babura. Da uban ya zo ɗaukarsa ya ji abin da ya faru, kunya ta kama shi, ya karyo tsumagiya. Na riƙe hannunsa. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Fada, ka bar ni da shi. Namiji ne. Wuya ba ta kisa. In bai sha wuya yanzu ba, yaushe zai yi ƙwari?"

Mutumin nan ba mugu ba ne. Yana ƙaunar ɗansa, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da yawancinmu muka ji daga bakin iyayenmu. Saboda haka ya cancanci amsa ta gaskiya, wadda ban iya ba shi a wannan yammacin ba. Tambayar da ya bar ni da ita ita ce wannan: shin wahala tana gina yaro ne, ko tana rushe shi? In kuwa tana iya yin duka biyun, me ke raba wannan da wancan, kuma wane nauyi ne wannan sani ya ɗora a wuyanmu?

Abin da magabata suka gani daidai

Kada mu yi saurin raina hikimar iyayenmu. Sun lura cewa yaron da aka shagwaɓa, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, bai taɓa bin awaki kiwo ba, bai taɓa jin an ce masa "a'a" ba, yakan girma ya zama kaya ga kansa da danginsa. Sun ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke, don haka suka riƙa fitar da shi rana kaɗan kaɗan har ya saba. Haƙuri, juriya da kamun kai ba a haifar mutum da su, koyonsu ake yi, kuma ba a koyonsu a kan katifa. A nan masana ilimin ƙwaƙwalwa na zamani ba su saɓa wa magabata ba. Inda gyara ya zo shi ne, kalmar nan ɗaya, wahala, muna kiran abubuwa mabambanta da ita, kamar yadda ake kiran yayyafi ruwa, a kira ambaliya ruwa, alhali ɗaya yana raya shuka, ɗayan yana tafiya da gonar.

Yadda ake gina ƙwaƙwalwa

Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba. Kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. A cikinta akwai ƙwayoyi biliyoyi, amma abin da ke sa su aiki shi ne hanyoyin da ke haɗa su da juna. Cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard a Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarun farko na rayuwa ana ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Hanyar da aka yawaita bi tana faɗi tana ƙarfi, wadda aka daina bi kuwa tana shafewa, kamar dai turbar zuwa rijiya da ciyawa ke cinyewa in an daina ɗiban ruwa.

Me ke tantance hanyar da za a bi? Abin da yaron ke gani, yake ji, yake sha kowace rana. Jariri ya yi gwalantu, uwa ta amsa masa. Ya yi kuka, aka ɗauke shi. Ya nuna kaza da yatsa, kaka ta faɗa masa sunanta. Wannan kai da komowa tsakanin yaro da babba shi ne tubalin ginin. A shekarar 1975 wani masani mai suna Edward Tronick ya gwada abu mai sauƙi: ya roƙi iyaye mata su daure fuska a gaban jariransu na 'yan mintoci, ba murmushi ba magana. Jariran suka yi ta ƙoƙarin jawo hankalin uwayen, da suka kasa sai suka rikice, suka kau da kai suna kuka. Ashe tun kafin yaro ya iya magana yana karanta fuskarmu, yana neman sanin ko duniya wuri ne da za a amince da shi.

Allah ya kuma sa wa jiki mai gadi. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da masana ke kira amigdala, aikinsa hango haɗari. In ya hango, sai ya aika saƙo, wasu 'yan ƙululai da ke saman ƙoda su saki sinadarai biyu, adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa ko sandarewa wuri ɗaya. Wannan baiwa ce, domin ita ke sa mutum ya yi tsalle in ya ga maciji tun kafin ya yi tunani. Amma an shirya ta ne don ta tashi ta kuma kwanta. In ƙararrawar ta yi ta bugawa dare da rana, wata da watanni, sai sinadaran da aka tanada don ceto su koma suna cutar da ginin. Sashen da ke adana abin da aka koya yakan raunana. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke auna magana kafin a faɗe ta, ya danne fushi, ya tsara abin da za a yi gobe, wanda kuma ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, shi ma yakan sami tawaya. Mai gadin kuwa sai ya ƙara kaifi, har ya riƙa ganin ɗan bindiga a jikin kowane ɗan acaɓa. Yaron da ya shige ƙarƙashin benci ba ragwanci ya yi ba. Ƙwaƙwalwarsa ta koyi darasin da aka koya mata, ta kuma koye shi da kyau.

Wahala iri uku

A shekarar 2005 wata majalisar masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin likitan yara Jack Shonkoff, ta kasa damuwar yara gida uku, kuma wannan rabo yana warware mana rabin gardamar.

Ta farko ita ce ƙaramar wahala mai amfani: ranar farko a makaranta, allurar rigakafi, tsawatarwar uba, noman rana ɗaya da ya gajiyar da kafaɗa. Zuciya takan buga, sannan ta lafa, yaro ya koyi cewa zai iya. Ita ce wadda magabata suka yaba.

Ta biyu ita ce babbar masifa da ake iya ɗauka: mutuwar uwa, gobara, gudu daga ƙauye cikin dare. Tana girgiza jiki ƙwarai, amma in akwai babba amintacce a kusa, wanda zai rungumi yaron, ya saurare shi, ya mayar masa da tsarin kwana da tashi, jiki yakan koma daidai, raunin ya warke.

Ta uku suka kira damuwa mai dafi: tsoro mai tsanani, mai maimaituwa, mai daɗewa, ba tare da kowa da zai tsaya tsakanin yaron da abin tsoron ba. Duka na kullum, yunwa ta kullum, faɗan iyaye da ba ya ƙarewa, watsi da sakaci.

Mai karatu ya lura da abin da ya raba ta biyu da ta uku. Nauyin masifar yana iya zama ɗaya. Bambancin shi ne ko akwai mutum a gefen yaron ko babu. Wannan shi ne ginshiƙin maganata duka: wahala tana zama malama ne kawai in yaron yana da inda zai jingina. In kuwa wanda ya kamata ya zama mafaka shi ne ya zama abin tsoro, to yaron ba shi da wurin gudu a duk faɗin duniya.

Shaida daga wasu ƙasashe

Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a ƙasar Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga dubban yara jibge a gidajen marayu na gwamnati. Ana ba su abinci, suna da gado da rufi, amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. A shekarar 2000 masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bin rayuwar yara 136 daga irin waɗannan gidaje a birnin Bukares. Rabinsu aka mayar da su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai shekara huɗu da rabi aka auna basirarsu: waɗanda suka rage a gidan marayu sun sami matsakaicin maki 73, waɗanda aka ba riƙo 81, yaran da suka tashi a gidajen iyayensu kuwa 109. Waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2 su ne suka fi farfaɗowa. Ba wanda ya harbi yaran nan. Rashin hannu da rashin murya ne kawai suka yi wannan ɓarna.

A jihar Kaliforniya kuma, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 game da ƙuruciyarsu: ko an ci zarafinsu, ko ana dukan uwarsu, ko akwai mashayi a gidan, da makamantansu. Rahoton farko ya fito a 1998. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye na waɗannan masifu sun ninka waɗanda ba su haɗu da ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12 a haɗarin shaye-shaye, baƙin ciki mai tsanani da yunƙurin kashe kai, har ciwon zuciya da na huhu da na hanta sun fi yawa a cikinsu. Abin da aka yi wa yaro yana ɗan shekara 6 yana iya bayyana a gadon asibiti yana da shekara 50.

A ƙofar gidanmu

Ba sai mun je Romaniya ba. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora su daji a ƙafa. Ranar 17 ga watan aka sako 344. Mun yi murna, kuma murnar ta dace. Amma mu tambayi kanmu, su waye suka zauna da yaran nan a watannin da suka biyo baya, sa'ad da mafarki ke tashinsu cikin dare? A Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Faskari da Sabuwa, yara da yawa sun buɗe ido a duniya ne suna jin ƙarar bindiga, suna kwana a gona ko kan dutse. Wasu iyalai sun tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi, wasu sun shigo birnin nan suna fakewa a kangaye da gidajen dangi.

Inda noma ya gagara, yunwa ke biyowa. Ƙungiyar likitoci Na Gari Na Kowa, wadda ke jinyar yara masu tamowa a jihar nan tun 2021, ta sanar cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina. Waɗannan su ne aka ƙirga. Waɗanda suka rayu fa? Kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi buƙatar abinci mai gina jiki. Yaron da ya tsumbure, ba tsayinsa kaɗai ne ya tawaya ba. Uwar da ke cikin firgita da yunwa kuma, da wane ƙarfi za ta yi wa jaririnta wasa?

Akwai wata asara da ba a cika ambata ba. A da, al'adarmu tana da garkuwarta. Goyo yana sa jariri ya yini yana jin ɗumin uwarsa da bugun zuciyarta. In kunya ta hana uwa sakin jiki da ɗan fari, kaka tana nan, gwaggo tana nan. Da dare akwai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da farin wata akwai dandali. Gudun hijira ya wargaza wannan duka. Kaka ta rage a wani gari, dandali ya mutu domin ba mai barin ɗansa ya fita bayan magariba. Wahalar ta ƙaru a daidai lokacin da majinginar ta rushe.

Kada kuma mu ɗora komai a kan 'yan bindiga. Akwai gidajen da ba a taɓa kai wa hari ba, amma yaran cikinsu suna rawar jiki in sun ji takun uba ya dawo daga mashaya. Akwai 'yan mata ƙanana da muke turawa aikatau birane, hannun mutanen da ba mu sani ba. Akwai azuzuwan da bulala ke magana fiye da alli. Waɗannan suna cikin gidajen Kirista kamar yadda suke cikin na maƙwabtanmu.

"Ai mu ma an doke mu"

Wani zai ce, an doke mu, mun sha yunwa, ga mu mun zama mutane. Ina da amsa biyu. Ta farko, masu faɗin haka su ne waɗanda suka tsallake. Abokan wasanmu da suka ƙare a kwalba, ko suka zama masu dukan matansu, ko suka shiga duniya ba a sake jin labarinsu ba, ba sa nan balle su ba da tasu shaidar. Ta biyu, in ka bincika tarihin wanda ya sha wuya ya kuma yi albarka, kusan kullum za ka tarar da wani mutum ɗaya a ciki: kakar da ke ɓoye masa ɗumame, malamin da ya ce masa "kana da kai", yayar da ke share masa hawaye. Muna ba bulala yabon da na waɗannan mutane ne.

Waliyyi Agustin, a littafinsa na ikirari, ya tuna yadda ake dukansa a makaranta, yana ƙaramin yaro yana roƙon Allah kada a doke shi, manya kuwa har da iyayensa suna yi masa dariya. Ya rubuta wannan yana bishop, shekaru da yawa bayan abin ya wuce, amma ciwon bai gushe ba. A ƙarni na 19 kuma, Waliyyi Yohanna Bosko ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya, ya hana dukansu, ya kafa tarbiyyarsa a kan hankali da addini da ƙauna mai taushi. Horo yana nan, doka tana nan, amma yaron ya san cewa mai horon yana sonsa.

Laifin wa?

A nan wata tambaya mai wuya ta taso. In tsoro ya lanƙwasa ƙwaƙwalwar yaro, ya girma da saurin fushi da rashin kamun kai, shin yana da alhakin abin da ya aikata? Koyarwar Ikilisiya ba ta ɗauki mutum kamar inji ba. Yana da 'yanci, kuma mugun aiki mugu ne ko wane ne ya yi shi. Amma Katikisma ta 1992 ta koyar da cewa tsoro da tilas da abubuwan da suka shafi tunani da zamantakewa suna iya rage nauyin laifi a kan mai aikatawa. Abin da aka rage daga wuyansa bai ɓace ba, ya koma wuyan waɗanda suka cuce shi da waɗanda suka gani suka yi shiru. Yawancin samarin da ke riƙe da bindiga a dazukanmu yau, yara ne jiya. Faɗin haka ba wanke su ba ne. Gargaɗi ne cewa yaran da muka bari cikin firgici yau, su ne za mu haɗu da su a hanya nan da shekara 15.

Abin da ke hannunmu

Ilimin nan bai zo da yanke ƙauna ba. Ƙwaƙwalwa tana iya sake ƙulla hanyoyi har tsufa, ko da yake gyaran ya fi sauƙi da wuri, shi ya sa aka ce tun ran gini tun ran zane. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, likita Sally Grantham-McGregor ta fara aiki da yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa uwaye yin wasa da hira da yaransu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Awa ɗaya a mako, da gwangwani da tsumma da bakin uwa.

Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Tsaro da abinci haƙƙi ne a kan hukuma, kuma dole mu ci gaba da neman su da babbar murya. Amma kafin su samu, Zumuntar Mata za ta iya raba gidajen baƙin da suka yi gudun hijira a tsakanin membobinta, kowace mace da gidan da take leƙawa. Malami da katikist, in sun ga yaro ya kasa zama wuri ɗaya ko ya kasa riƙe karatu, su fara tambayar abin da ya same shi kafin su yanke masa hukuncin taurin kai. Uba ya daina dukan yaro a kan fitsarin kwance da firgitar dare, domin ba da gangan yake yi ba. A tallafi uwa, gama uwar da hankalinta ya kwanta ita ce maganin farko. In alamun sun daɗe, a kai yaron asibiti ba tare da jin kunya ba. Kuma kada mu tambayi addinin yaro kafin mu zama inuwarsa, ai ɗa na kowa ne.

Mu tuna cewa Ubangijinmu da kansa ya fara rayuwa a matsayin ɗan gudun hijira, an fita da shi cikin dare zuwa Masar saboda takobin Hirudus. Allah bai ɗauke masa hanyar ba, amma ya ba shi Maryamu da Yusufu su riƙe shi a kanta.

Uban yaron nan ya dawo wurina bayan wasu makonni. Ya ce ya ajiye tsumagiya, yanzu in yaron ya farka da ihu sai ya ɗora hannu a ƙirjinsa har ya koma barci. Har yau in babura sun wuce yaron yakan zabura. Sai dai ya daina shiga ƙarƙashin benci, yakan waiga ne ya nemi fuskar babban da ke kusa da shi. Allah ya sa duk yaron da ya waiga a ƙasar nan ya tarar da wani a tsaye. Allah ya ba mu zaman lafiya. Amin.